Me Za Mu Gaya wa 'Ya'yanmu Game da Kogin Nan?

Karatu: Joshuwa 4:1-9, 19-24, Irmiya 29:1-14

Duk yaron da aka haifa a garin nan bayan watan Fabrairu na 2000 bai san Kaduna ɗaya ba. Kaduna biyu ya taso ya tarar, kogi a tsakaninsu. A wannan gefe akwai Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Sarki, Tudun Wada da Rigasa. A wancan gefe akwai Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha, Romi da Gonin Gora. Har laƙabi aka yi musu, ana ce wa nan Makka, can kuwa Urushalima. Mutane na faɗin haka suna dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Manya sun san yadda aka yi. A ranar 21 ga Fabrairu 2000 zanga-zanga kan batun shari'a ta juye ta zama kashe-kashe, aka sake yi a watan Mayu, rayukan da suka salwanta sun haura dubu. A watan Nuwamba 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci fiye da mutum 200. Aka sake shiga wani bayan zaɓen Afrilu 2011. Ranar Lahadi 28 ga Oktoba 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya afka da mota cikin majami'ar St. Rita da ke Unguwar Yero a Malali ana tsakiyar sujada. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, sai ka ga akori-kura ɗauke da katifu da tukwane tana haye gada. Masu bi suna yin kudu, Musulmi suna yo arewa. Waɗansu sun sayar da gidajensu a wulaƙance, waɗansu sun yi musanya da wanda ke gudowa daga ɗaya gefen.

Mu da muke karanta wannan ɗan littafi a arewacin kogi, mu ne ragowar da ba su haye ba, ko kuwa waɗanda aiki ya dawo da su. Wani soja ne a bariki, wata ma'aikaciyar jinya ce, wani shagonsa na babbar kasuwa, wani kuma gidan da mahaifinsa ya gina ne ba zai iya barinsa ba. 'Ya'yanmu suna tashi da kiran sallar asuba a kunnensu. Suna wasan ƙwallo da su Abdullahi da Sani. Ran Lahadi kuma suna ganin ana laluba jaka a ƙofar coci kafin a shiga. Yaro ba wawa ba ne. Wata rana zai tambaya: Baba, me ya sa su kawu suka koma Sabon Tasha? Mama, me ya sa ake bincikenmu a ƙofar gidan Allah? Amsar da muka ba shi a ranar tana iya zama abin da zai riƙe har ya tsufa, kuma za mu ba da lissafinta a gaban Ubangiji.

Allah ya san yara suna tambaya. Shi ya sa a bakin wani kogin ya shirya wa iyaye amsa tun kafin a haifi masu tambayar. Sa'ad da Isra'ilawa suka zo haye Urdun, lokacin girbi ne, kogin ya cika ya batse, kamar yadda namu yake yi a watan Agusta da Satumba. Ruwan ya tsaya, jama'a suka bi ta busasshiyar ƙasa. Sai Ubangiji ya sa Joshuwa ya zaɓi mutum goma sha biyu, ɗaya daga kowace kabila, kowa ya saɓo dutse a kafaɗa daga wurin da firistoci suka tsaya da akwatin alkawari. Aka jera duwatsun a Gilgal. Dalili ɗaya ne: in 'ya'ya sun ga duwatsun nan gaba sun tambayi ma'anarsu, iyaye su ba su labarin abin da hannun Ubangiji ya yi.

Ku lura da mutanen da aka ba wannan umarni. Kakanninsu bayi ne a Masar, an jefa jariransu maza a kogin Nilu. Iyayensu kuwa a jeji suka binne su ɗaya bayan ɗaya cikin shekara arba'in. Da labarin ɓacin rai ake nema, suna da shi buhu-buhu. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ko ɗaya daga cikin wahalolin nan ba, duk an rubuta su, ana kuma tuna su kowace shekara a Idin Ƙetarewa. Amma a cikin Shari'ar nan ɗaya, a Maimaitawar Shari'a 23:7, an hana Ba'isra'ile ƙyamar Bamasare, domin ya taɓa baƙunci a ƙasarsa. A tuna da bautar, a tuna da wanda ya fitar, amma kada a mayar da tunawar ta zama ƙyamar al'umma guda. Ga nauyin da ke kanmu ke nan, kuma ba mai sauƙi ba ne.

Waɗansu iyaye sun zaɓi yin shiru. Suna cewa kada a fama tsohon miki, yaro ya tashi da zuciya fara. Na fahimci wannan, musamman ga wanda in ya buɗe baki hawaye ne zai fara zuba. Amma shirun ba ya kare yaro. Labarin da ba ka ba shi a gida ba, zai same shi a bakin abokai, ko a wayarsa, inda ake yawo da hotunan gawawwaki a Facebook ba tare da an san na wace shekara ko wace ƙasa ba ne. Mai Zabura ta 78 ya ɗauki alkawari cewa ba za su ɓoye wa 'ya'yansu abin da kakanni suka ba su labari ba, kuma in ka karanta zaburar har ƙarshe za ka ga rabinta laifofin kakannin ne da kansu. Yaron da ya kai shekarun fahimta ya cancanci ya ji gaskiya daga bakin wanda yake ƙaunarsa.

Haɗarin da ya fi yawa a gidajenmu shi ne na biyu. A zamanin Irmiya da Ezekiyel akwai wani karin magana da ke yawo a bakin mutane, wanda in da a nan ne sai mu ce iyaye ne suka sha tsamiya, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Allah ya ce a daina faɗinsa, kowa zai ɗauki alhakin kansa (Irmiya 31:29-30, Ezekiyel 18). To, mu kuwa muna iya ɗura wa 'ya'yanmu tsamiyar da muka sha ba tare da mun zaunar da su ko sau ɗaya ba. Ba a koyar da ƙiyayya da allo. Tana shiga ta tsakin da uwa ta ja sa'ad da lasifikar masallaci ta tashi. Tana shiga ta kalmar "mutanen nan" da uba yake faɗa yana sauraron labarai. Tana shiga ta ajiyar zuciyar da ake yi a mota da zarar an haye gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello an nufi kudu, kamar an fito daga bakin zaki. Yaron da ke kujerar baya yana ji, yana adanawa.

Bari in taɓo wani abu da ya shafe mu musamman, mu da muka gaskata da ikon Ruhu Mai Tsarki da yaƙin ruhaniya. Muna addu'a da zafi, kuma daidai ne. Muna tsauta wa maƙiyi, muna kiran wuta a kan ayyukan duhu, muna kwana a tsaye. Amma ka taɓa tambayar ɗanka mai shekara bakwai wa yake gani a zuciyarsa in an ce "maƙiyanmu"? Kai kana nufin Shaiɗan da rundunarsa. Shi kuwa mai yiwuwa fuskar mai shayin bakin layi yake gani, ko malam mai gemu da ke wucewa ta ƙofar gida. Manzo Bulus ya faɗa sarai a Afisawa 6:12 cewa kokawarmu ba da 'yan adam ba ce. In ba mu fassara wa yara wannan ba, addu'armu da kanta za ta zama makarantar gaba. Ku tuna da Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi. Wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, sai suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Suna da misalin Iliya a hannu, suna kuma kishin Ubangijinsu ne. Duk da haka Yesu ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye (Luka 9:51-56). Yahayan nan daga baya shi ne aka aika tare da Bitrus zuwa Samariya su ɗora wa sababbin masu bi hannu su karɓi Ruhu Mai Tsarki (Ayyukan Manzanni 8:14-17). Wutar da ta sauka a Samariya daga ƙarshe ba irin wadda ya roƙa da fari ba ce.

Na san abin da wata 'yar'uwa za ta ce, kuma ba zan raina maganarta ba. Za ta ce: mijina ya fita neman yara a makaranta a ranar Litinin ɗin nan, har yau ban ga gawarsa ba. Ba a hukunta kowa ba. Yanzu ana so in gaya wa jikokina cewa babu komai? A'a, mama, ba a ce ki ce babu komai ba. Akwai komai. An yi mugunta, Allah ya gani, kuma shi mai shari'ar gaskiya ne, jinin mijinki bai ɓace masa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle, ba kuwa za a ce masa marar bangaskiya ba. Taka-tsantsan ba zunubi ba ne. Yusufu ya ɗauki jariri Yesu da dare ya gudu Masar bisa ga umarnin mala'ika. Almajirai sun zura Bulus cikin kwando ta bangon Dimashƙu. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro. Saboda haka ba mu da ikon ganin laifin 'yan'uwanmu da suka haye kogi, su ma ba su da ikon ce mana masu ganganci.

Ki koya wa jikanki hankali. Ya san hanyar da zai bi in gari ya rikice, ya haddace lambar waya, ya koma gida da zarar ya ga ana rufe shaguna da rana tsaka, kada ya shiga gardamar addini a makaranta ko a intanet, kada bakinsa ya taɓa abin da maƙwabcinsa yake girmamawa. Ubangiji da kansa ya ce mu haɗa wayon maciji da halin kurciya (Matiyu 10:16). Bambancin shi ne, hankali yana nuna wa yaro haɗari, ya ce ga lokacin, ga wurin, ga alamar. Ƙiyayya kuwa al'umma take nuna masa gaba ɗaya, ta ce duk ɗaya suke. Na farko yana tsare ransa. Na biyu ƙarya ce, kuma mai bi ba shi da izinin yi wa ɗansa ƙarya ko da don ya kare shi ne.

Ƙarya ce domin mun san ba duk ɗaya suke ba. Da wuya ka sami ikkilisiya a garin nan da babu wanda zai iya tashi ya ba da shaidar cewa maƙwabci Musulmi ne ya ɓoye shi a ɗaka, ko ya sa masa hula da babbar riga ya raka shi har bariki. Waɗannan shaidu sun fara ɓacewa domin masu su suna tsufa, mu kuma mun fi son maimaita labarin wanda ya cinna wuta. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barkin Ladi a Jihar Filato, wani tsohon limami, Malam Abdullahi Abubakar, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Duniya ta ji labarinsa, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Namu na cikin unguwa ba wanda ya karrama su. Aƙalla 'ya'yanmu su san sunayensu. In akwai irin wannan mutum a tarihin gidanku, yana cikin duwatsun Gilgal ɗinku, domin hannun Ubangiji ne ya yi aiki ta wurinsa. Ku kai yaran su gaishe shi tun yana da rai.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi ɗaci a baki. Ba mu kaɗai aka kashe ba, kuma ba su kaɗai suka yi kisa ba. A ranar 17 ga Yuni 2012, bayan an kai hari majami'u a Zariya da Kaduna, matasa sun tare hanyar Abuja a wajen Gonin Gora suka afka wa matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A rikicin 2000 ma an ƙone masallatai kamar yadda aka ƙone majami'u. Waɗansu daga cikin masu riƙe da adda a ranakun nan sunayen manzanni gare su, a makarantar Lahadi suka tashi. In muka ɓoye wa 'ya'yanmu wannan, mun koya musu cewa zunubi abin waɗansu ne. Littafin Farawa bai yi wa gidan Yakubu irin wannan rufin asiri ba. An ci mutuncin Dinatu da gaske, fushin Saminu da Lawi yana da dalili. Amma suka karkashe mazan gari guda saboda laifin mutum ɗaya, kuma har a gadon mutuwarsa mahaifinsu bai sa wa wannan fushi albarka ba, la'anta shi ya yi (Farawa 34, 49:5-7). Yaron da ya san wannan labari, ran da abokai suka ce a fito a rama, yana da abin da zai riƙe ƙafarsa.

A garin nan muna da shaida mai rai cewa Allah yana iya juya zuciya. Fasto James Wuye na Assemblies of God yana cikin jagororin matasa masu faɗa a rikicin 1992, a nan ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai a nan Kaduna, suka kuma yi aikin da ya kai ga shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agusta 2002. Wani zai ce ai wata uku bayan haka aka sake rikici. Gaskiya ne. Takarda ba ta hana Shaiɗan aiki. Amma faston bai koma daji ba, bai kuma bar wa'azin Yesu ba. Wannan ya kawo mu ga tsoro na biyu da ke zuciyar iyaye, wanda ba a cika faɗa a fili ba.

Tsoron shi ne: in na bar ɗana ya saba da su, ba za su janye shi ba? In 'yata ta yi ƙawa da 'yar gidan Alhaji, ba wata rana zan ji an ɗaura mata aure ba? Ba tsoron banza ba ne, ya faru a gidaje da dama, kuma Maganar Allah ba ta yi sassauci a kan auren mai bi da wanda ba ya bin Almasihu ba (2 Korantiyawa 6:14). Mun gaskata babu ceto ta wurin wani sai Yesu, ba kuwa za mu rage wannan don a ce muna da kirki ba. Amma iyaye da yawa suna zaton in sun cusa wa yaro tsoron maƙwabci, sun ɗaure shi ga Almasihu ke nan. Wannan igiya ruɓaɓɓiya ce. Ran da yarinyar ta shiga jami'a ta haɗu da Musulmi mai ladabi da gaskiya da kyauta, za ta ce ashe abin da aka gaya mini a gida ba haka yake ba. In bangaskiyarta a kan wannan labari aka gina ta, tare za su rushe. Abin da zai riƙe ta shi ne ta san Yesu da kanta, ta san dalilin gicciye, ta taɓa jin muryar Ruhu a zuciyarta, ta kuma ga mahaifinta yana neman gafarar mahaifiyarta in ya yi mata laifi.

Dubi ƙaramar yarinyar nan ta 2 Sarakuna 5, wadda ko sunanta ba a rubuta ba. Mahara daga Suriya suka sato ta daga ƙasar Isra'ila, ta zama baiwar matar Na'aman, shugaban sojojin da suka raba ta da iyayenta. Mu da muka ga an kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a nan Mando a watan Maris 2021, da na makarantar Bethel Baptist a watan Yuli na shekarar, ba ma bukatar a fassara mana kukan uwar yarinyar nan. Babu fasto tare da ita, babu littafi, babu zumunta. Abin da aka zuba mata a gida kaɗai ta tafi da shi. Me aka zuba mata? Abu biyu. Ta san akwai annabin Allah a Samariya mai iya warkar da kuturu. Kuma da ta ga maigidanta da kuturta, fatan warkewa ta yi masa. Da iyayenta bangaskiya kaɗai suka koya mata tare da ƙiyayya, da ta yi shiru ta ce alhakina ne ya kama shi. Da kirki kaɗai suka koya mata babu sanin Allah, da ba ta da inda za ta nuna masa. Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi ranar 19 ga Fabrairu 2018 tana da shekara 14, 'yan matan da aka sako sun ce an riƙe ta ne domin ta ƙi musun Ubangijinta. Ba a ranar ta koyi wannan ba. Mu ci gaba da ambaton sunanta a sujadar iyali.

Saboda haka aikin yana kan tabarmar gida. Timoti mahaifinsa Baheleni ne, a garin arna ya tashi, amma kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki sun sa ya san Littattafai tun yana jariri (2 Timoti 1:5, 3:15). Minti goma sha biyar kowace yamma, a kashe talabijin, a ajiye waya, yaro ɗaya ya karanta, wani ya yi tambaya, a yi addu'a a ambaci maƙwabta da sunayensu, har da marar lafiyar gidan Malam. Yaron da ya saba roƙa wa mutum alheri da sunansa, da wuya ya jefe shi. Ina kuma roƙo a riƙa karantawa da Hausa ko da sau ɗaya a mako. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa. Abin takaici ne a ga ɗan mai bi da aka haifa a Kawo yana ciniki da Hausa, yana faɗa da Hausa, amma in abokinsa ya tambaye shi me ya sa kuke cewa Yesu Ɗan Allah ne, sai bakinsa ya mutu domin da Turanci kaɗai ya san addininsa. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu ga mai tambaya, da tawali'u da girmamawa (1 Bitrus 3:15). Da wane harshe za a ba da shi a Unguwar Shanu?

Batun naman Sallah kuwa, da ake yawan tambaya, masu bi sun sha bamban, kowa ya karanta 1 Korantiyawa 8 da 10 ya bi lamirinsa a gaban Allah. Abin da ba shi da kyau shi ne a karɓa da murmushi da godiya, mai kawowa yana juya baya a zubar ana zagi, yara suna kallo. In ba za ka ci ba, akwai hanyar mutunci. Daniyel ya ƙi abincin sarki, amma da ladabi ya roƙa, ya kuma koyi harshen Babila, ya yi wa ƙasar aiki da aminci har maƙiyansa suka rasa abin kama shi da shi sai addu'arsa.

Ambaton Babila ya kai mu karatunmu na biyu. Irmiya 29:11 na cikin ayoyin da muka fi ƙauna. Tana manne a bayan Keke Napep, tana jikin kalanda, ana rubuta ta a katin aure: Allah yana da shiri na alheri dominmu, da bege a gaba. Amin. Amma wa aka rubuta wa? Mutanen da Nebukadnezzar ya kwasa daga Urushalima wajen shekara 597 kafin haihuwar Almasihu. Suna zaune a bakin kogunan Babila, kayansu a ɗaure, suna jiran a ce a tashi. Akwai annabawa masu faɗa musu abin da suke so su ji. A Urushalima wani mai suna Hananiya ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila kowa ya dawo, har ya karya karkiyar itace da ke wuyan Irmiya a gaban jama'a. Wata biyu bayan haka ya mutu (Irmiya 28). Wasiƙar Irmiya kuwa ta ce shekara saba'in ne. Ta ce su kwance kaya, su gina gidaje, su dasa itatuwa su ci 'ya'yansu, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. A cikin wannan wasiƙa, ga waɗannan mutane, aka yi alkawarin aya ta 11. Yawancin waɗanda suka fara jin ta a Babila aka binne su. Begen ya bi ta kan 'ya'yansu da jikokinsu.

Kada a ɗauki misalin fiye da inda ya tsaya. Mu ba bayi ba ne a nan, maƙwabtanmu kuma ba Babiloniyawa ba ne. Garinmu ne, tun zamanin da Turawa suka dawo da hedkwata daga Zungeru a 1917 masu bi suke zaune a wannan gefen kogi, tsofaffin majami'un garin ma a nan suke. To, in an umarci kamammu su roƙa wa birnin masu kama su alheri, ina ga ɗan gari? Akwai gidajen da shekara ashirin da ɗoriya ke nan suna zaman jiran tashi. Ba a gyara rufi, ba a dasa ko mangwaro, ba a zuwa suna ko ta'aziyya a unguwa, kullum maganar ita ce in Allah ya buɗa za mu haye. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya koyi cewa Allah yana Sabon Tasha, nan kuwa sai dai a lallaɓa. In Ubangiji ya ce ka haye, ka haye da salama. In kuwa shekaru sun nuna a nan ya ajiye ka, ka bar 'ya'yanka su ga kana zaune kamar wanda aka aiko.

Irmiya bai tsaya a rubuta wa waɗansu wasiƙa ba. Bayan shekara kusan goma, sojojin Babila suka kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare a filin matsara na fadar sarki Zadakiya. A wannan hali wani mai suna Hanamel, ɗan ɗan'uwan mahaifinsa, ya zo masa da tallar gona a Anatot, garinsu, 'yar tafiya kaɗan daga birnin, a yankin da abokan gaba suka riga suka mamaye. Duk mai hankali ya san ba lokacin sayen gona ba ne, kowa neman mai saye yake yi, kamar yadda aka yi a Tudun Wada da Television a watan Maris na 2000. Ubangiji ya ce masa ya saya, domin za a sake cinikin gidaje da gonaki a ƙasar. Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a takarda a gaban shaidu, aka yi kofi biyu, ɗaya a liƙe ɗaya a buɗe. Bayan ya gama ne ya koma ga Allah da addu'a yana tambayar ma'anar abin da aka sa shi ya yi, domin shi ma abin ya ɗaure masa kai (Irmiya 32). Ba shi da mata, ba shi da ɗa da zai gaji gonar, kuma a Masar aka ƙarasa da shi. Ya miƙa wa Baruk takardun ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Baruk ya karɓa ya sa, a lokacin kuwa sojojin Babila suna bayan garu suna tara ƙasar da za su taka su hau.